Kuɗin Mota Ma Magani Ne

Kafin in ce komai, ya kamata in nemi afuwar Edita da masu karatu, domin na san abin da aka saba gani a wannan fili shi ne sharhin littattafai, da muhawara kan ƙa'idojin rubutu, da cacar bakin nan da ba ta ƙarewa tsakanin marubuta da masu sukarsu. Ni yau ba da wannan na zo ba. Na zo ne da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga idan ban faɗe ta a gaban masu alƙalami ba, to ban san inda zan kai ta ba. Maganar kuwa ita ce ta masu ciwon daji, wato sankara ko kansa, da irin tallafin da muke cewa muna ba su, da kuma abin da muke mantawa da shi duk lokacin da muka tashi yin tallafin.

Ni malamin makarantar sakandare ne, na kusa shekara 20 ina riƙe da alli. A wata shekara da ba ta yi nisa ba, ina riƙe da rajistar aji biyu na babbar sakandare, sai na lura da wata yarinya mai fashin makaranta a kan tsari. Ba irin fashin 'yan talla ba ne na ranar kasuwa. Ita sai ta yi kusan mako uku tana zuwa ba ko makara, sannan ta ɓace kwana biyu ko uku, ta dawo idanu jajur tana gyangyaɗi a darasi. Na yi mata faɗa, na sa ta sharar aji, har na taɓa tsayar da ita a gaban 'yan'uwanta na kira ta malalaciya. Ba ta taɓa ce mini uffan ba. Sai daga baya wata malama abokiyar aikina ta ja ni gefe ta shaida mini cewa mahaifiyar yarinyar ce ke fama da sankarar mama, ita ce babbar 'ya, ita ke raka ta wani babban asibiti a wata jiha duk bayan mako uku don a yi mata ƙarin ruwan magani. Uban mai gadi ne. Amma an yi dace, in ji malamar, wani bawan Allah ya je asibitin ya biya kuɗin magungunan gaba ɗaya.

Kunya ta kama ni, na daina yi mata faɗa. Da aka dawo zango na biyu sai na ga fashin ya tsaya cak. Na yi murna ƙwarai, har wata rana bayan an tashi na tsayar da ita na ce, "Jikin Mama ya yi sauƙi ke nan?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ai mun daina zuwa. Babu kuɗin mota."

Jama'a, ku dubi wannan al'amari. Magani an biya, yana can a asibiti yana jiran mai shi, mai shi kuma tana nan kwance a ɗaki saboda kuɗin kujera biyu a mota, da na gwajin jini, da na abin da za a sa a baki kwana biyu. An yi zuwa huɗu cikin takwas. A waɗannan huɗun keken ɗinkin matar ya tafi, awaki biyu sun tafi, an ci bashin duk wanda zai iya ba da bashi. Mu malamai muka haɗa ɗan abin da muka haɗa, suka koma bayan kusan wata uku, likita ya ce ciwon ya riga ya bazu. Shekarar ba ta ƙare ba matar ta rasu. Yarinyar kuwa ba ta dawo aji uku ba, domin ita ta zama uwar ƙannenta. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Tun daga ranar na fara bin maganar, kuma abin da na fahimta shi ne yawancinmu ba mu san yadda jinyar daji take ba, shi ya sa muke auna ta da ma'aunin zazzaɓi. Mai zazzaɓin cizon sauro kwana uku zai sha magani ya miƙe. Mai daji kuwa watanni zai yi yana sintiri. Kafin ma a fara komai sai an yanki tsoka an kai ɗakin gwaji, an yi hoto iri-iri. Ƙarin ruwan maganin nan da ake kira kemo, sau da yawa duk bayan mako uku ake yin sa, har sau shida ko takwas, kuma kafin kowane zuwa sai an gwada jini, in jinin ya yi ƙasa a ce a koma gida a dawo wani mako, kuɗin motar ranar ya tafi a banza. In aka zo gashi da na'ura, wanda likitoci ke kira rediyoterafi, shi kuma kullum ne, Litinin zuwa Juma'a, na tsawon makonni uku zuwa shida ko fiye. Gashin kansa 'yan mintoci ne, amma wanda ya fito daga nesa dole ya tare a garin har a gama. A ina zai kwana? Me zai ci? Wa zai riƙe masa gona ko teburin kasuwa? Mai jinyarsa fa, wanda shi ma ya bar tasa sana'ar? Yaran da aka bari a gida fa? Duk wanda ya taɓa shiga babban asibiti da asuba ya ga mutane a kan tabarmi a baranda da gindin bishiya, ya ga amsar waɗannan tambayoyi da idonsa.

Kuma kada wani ya ce abin bai kai ya kawo ba. Cibiyar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 kaɗai mutum sama da 127,000 ne suka kamu da wannan ciwo a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka mutu. Sankarar mama ce kan gaba, da mata sama da 32,000. A ƙasar nan, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a cikin gidanmu, suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika wannan alƙawari ba, abin da take warewa yana yawo ne a wajen kashi 5. A 2022 an sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, amma manomi da ɗan dako da mai ƙosai har yau labarinta kawai suke ji. Sannan a ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Wanda bai san abin da wannan ya yi wa kuɗin mota ba, to ba ya shiga tasha.

Ba zan zama marar adalci ba. A 2021 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fara wani asusu na tallafa wa marasa galihu masu sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta furostet da ke kama maza. An fara shi a asibitoci shida, ɗaya a kowace shiyya: Zariya, Gombe, Abuja, Ibadan, Inugu da Benin. Abu ne mai kyau, kuma akwai waɗanda suka amfana. Haka nan a 2025 an buɗe sababbin cibiyoyin maganin daji a Katsina da Benin da Inugu. Da babu gara ba daɗi. To amma a tsaya a yi lissafi irin na ɗan aji ɗaya. Lokacin da aka fara asusun, jihohi bakwai na Arewa maso Yamma asibiti ɗaya aka ba su. Matar da ke Sakkwato sai ta yi tafiyar kusan kilomita 400 ta ratsa Gusau da Funtuwa kafin ta iso Zariya, a kan hanyar da kowa ya san halin da take ciki ta fuskar tsaro. Wadda ke ƙauyukan Kebbi kuwa tata ta fi haka. Asusun kuɗin magani yake biya a asibiti. Wa zai biya kuɗin isa asibitin? Wanda ya tsara tallafi ya manta da wannan tambaya, ya yi wa mai ƙishi kyautar rijiya ne ba guga.

Wani zai ce ai wannan talaucinmu ne kawai. To bari in kai mai karatu Ingila, inda tun 1948 gwamnati ke yi wa jama'a magani ba tare da sun biya a asibiti ba. A can akwai wata ƙungiya mai suna Macmillan, wadda wani mutum, Douglas Macmillan, ya kafa a 1911 bayan ya ga irin wahalar da mahaifinsa ya sha kafin ciwon daji ya kashe shi. A 2013 wannan ƙungiya ta fitar da bincike cewa mutum huɗu cikin biyar masu ciwon daji a ƙasar suna samun giɓin da ya kai fam 570 a wata, saboda kuɗin zirga-zirga, da ɗumama ɗaki, da albashin da ya tsaya. A ƙasar da magani kyauta ne fa ke nan! Shekara da shekaru ƙungiyar tana ba marasa ƙarfi ɗan kuɗi a hannu don irin waɗannan buƙatu, har zuwa 2025 da ta sanar da rufe wannan shiri saboda matsin kuɗi. Darasi biyu na ɗauka daga nan. Na farko, ko da an wayi gari maganin daji ya zama kyauta a Nijeriya, matsalar ɗalibata tana nan daram. Na biyu, abin da aka ɗora a kan sadaka kaɗai yana iya yankewa rana tsaka, ko da a ƙasar masu kuɗi ne.

Mu kuwa a nan, mene ne tsarinmu? Tsarinmu shi ne bara. In ciwo ya ci ƙarfin gida, sai a ɗauki hoton mara lafiya a sa a Facebook, ko a kai shi gidan rediyo ya yi kuka, ko a tsayar da ɗan'uwansa a ƙofar masallaci da takardar asibiti a hannu. Matar da ko mijinta take jin nauyin nuna wa ciwon, sai ga hotonta a wayar kowane yaro, an ɗan rufe da zane, an rubuta lambar asusun banki a ƙasa. Wanda ciwonsa ya fi muni a ido shi ya fi samu. Wanda ya san mai mabiya da yawa shi ya fi samu. Mai kunya, da bafulatanar ruga da ba ta da waya, da dattijon da ya gwammace ya mutu da ya tona asirinsa, su ko oho. Ba ina zagin masu bayarwa ba ne, Allah ya saka musu, sun ceci rayuka. Abin da nake cewa shi ne al'ummar da ta mayar da tonon asiri sharaɗin samun taimako, ta sa wa taimakon farashi mai tsada. Ga kuma manyanmu da ba sa miƙa buhun shinkafa sai mai ɗaukar hoto ya iso. Su sun fi son a ce sun biya tiyatar miliyoyi, domin ita ke shiga labarai. Kuɗin mota ba ya shiga labarai.

Na san irin amsoshin da za a ba ni, domin na sha jin su a ɗakin malamai. Akwai masu cewa in aka ba talaka kuɗi a hannu zai saya abinci da su, ko ma'aikata su cinye. To in ya sayi abinci laifi ne? Mai shan kemo da ba ya cin abinci jininsa ba zai kai a ba shi magani na gaba ba. Batun cinyewa kuwa, ban ga an rufe ma'aikatar ayyuka don ana cin kuɗin kwangila ba. Gyara ake yi. A ɗaura tallafin a kan katin asibiti: ranar da mutum ya zo aka buga masa hatimi, ranar za a ba shi na komawa da na dawowa. Manyan asibitoci suna da sashen walwalar marasa lafiya, ma'aikatansa sun san waye mabuƙaci. A riƙa buga lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita duk wata uku, ba tare da sunan kowa ba.

Akwai masu cewa zazzaɓin cizon sauro da haihuwa sun fi daji kashe mutane, don haka can ya kamata kuɗi su tafi. Gaskiya ne sun fi kisa, kuma ban ce a rage musu ko kwabo ba. Amma abin da nake nema shi ne ɓangare mafi arha a duk jinyar. Asarar gaske ita ce a kashe dubban ɗaruruwa a kan rabin magani, sannan a bar sauran rabin saboda 'yan dubbai. Maganin da aka yanke a tsakiya bai warkar ba, kuɗin bai dawo ba, ciwon kuma ya samu sarari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a daidai wannan gaɓa ce masu lasifika a bayan mota ke karɓe ragowar abin da ya saura, da alƙawarin ƙullin garin da ke maganin daji da basir da shawara a lokaci guda. Muna zargin mutanenmu da zuwa asibiti a makare, muna kiran su jahilai. Wasu ba jahilci ba ne. Sun yi lissafi ne, sun ga abin da ya faru da maƙwabciyarsu da ta je, gida ya tsiyace kuma ba ta tashi ba.

Akwai kuma masu cewa ai mu muna da zumunci, ba mu buƙatar tsarin Turawa. Zumunci yana nan, shi ne ma ya riƙe mu zuwa yau. Amma zumunci ya saba da ciwon mako biyu. A watan farko 'yan dubiya cika ɗaki suke yi, kowa da ledar lemo. A wata na shida mai jinya kaɗai za ka tarar, su ma dangin talakawa ne, kowa ya ba da abin da yake da shi ya ƙare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannaye goma ma in duk sun gaji ba za su ɗauka ba.

To me nake so a yi? Ina so kowace jiha ta kafa ƙaramin asusu na musamman, dabam da na magani, wanda aikinsa kawai kuɗin mota, da abinci, da makwanci, da kuɗin makarantar 'ya'yan masu doguwar jinya, kuma a sa shi cikin kasafin kuɗi da doka, don kada ya mutu ranar da matar gwamna ta bar gidan gwamnati. Ina so hukumomin zakka da wakafi irin na Kano da Sakkwato da Zamfara su ware wa wannan fanni kaso sananne. Ni ba malamin addini ba ne, fatawa ta malamai ce, amma ko ɗan Islamiyya ya san cewa cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa akwai fakiri, da miskini, da wanda bashi ya yi wa katutu, da matafiyin da guzuri ya yanke masa. A gaya mini wanne ne cikin huɗun nan bai dace da matar da ke kwance a barandar asibiti a garin da ba ta san kowa ba? Majami'u ma suna da nasu baitulmalin, kuma ciwon nan ba ya tambayar addini. Ina so attajiri ɗaya, maimakon ƙara masallaci na huɗu a layi ɗaya, ya gina ɗakuna 20 da banɗaki da murhu kusa da asibitin koyarwa, ya bar su wakafi ga masu zuwa gashi. Kakanninmu fatake sun san darajar masauki, duk zangon da suka sauka akwai mai karɓar baƙo. Ina so ƙungiyar direbobi ta duba yiwuwar rangwamen kujera ɗaya ga mai katin jinyar daji. Mu malamai kuma, ƙungiyarmu da ke yankar albashinmu duk wata, ta tanadi wani abu don ɗalibin da jinya ta faɗo gidansu, kuma kowane malami ya tambayi dalilin fashi kafin ya ɗaga bulala. Wannan na ƙarshen da kaina nake.

Saura ku, 'yan'uwa marubuta. Sau nawa muka karanta labarin da ciwon daji ya kama tauraruwa, sai ga wani Alhaji ko saurayi ɗan masu kuɗi ya bayyana, a shafi na gaba ana jirgi zuwa Masar ko Indiya, a na bayansa an dawo ana walima? Ko kuma a sa wa muguwar kishiya ciwon don ya zama sakayya, mai karatu ya tashi da tunanin cewa daji azaba ce ta masu zunubi, matar da ta ji ƙullutu a mamanta ta ƙara ɓoyewa. Mun koya wa masu karatunmu jiran Alhaji. Ba mu nuna musu tasha da asuba ba, ba mu nuna musu keken ɗinkin da aka ɗora a baro aka kai kasuwa ba, ba mu nuna musu yarinyar da ke gyangyaɗi a aji ba. Alhali littattafanmu sun fi kowace takardar ma'aikatar lafiya shiga ɗakunan mata. Kuma mu kanmu, in ɗan ƙungiya ya kwanta, me muke yi in ba zagayawa da takarda ana rubuta suna da ɗari biyar-biyar ba? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Rai na Allah ne, kuma ban ce da an biya kuɗin motar nan lallai matar za ta rayu ba. Abin da na sani shi ne ba a ba ta damar gwadawa ba, kuma abin da ya tsaya tsakaninta da maganinta bai kai kuɗin lemon da ake sha a taron ƙaddamar da littafi ɗaya ba. Rajistar shekarar tana nan a ofishinmu, da jan biron da na riƙa zana wa yarinyar alamar fashi duk bayan mako uku. Duk wanda zai tallafa wa mai ciwon daji, gwamnati ce ko attajiri ko ƙungiya, ina roƙonsa bayan ya tambayi kuɗin magani ya ƙara tambaya ɗaya: da me za ku zo, da me za ku koma?

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mu kuma ya ba mu ikon gyarawa.